Zobe a Hannun Dama

A cikin safa kyamarar ta iso gidanmu. Mijina Subhi ne ya cusa ta a ciki don kada ta fashe, ya ba Usta Garib, direban layinmu da ke aiki a Kuwait, ya kawo mana har garinmu Damanhur a ƙasar Masar tare da kaset ɗaya da koren yadi da sabulu mai ƙamshi. 'Yar ƙarama ce, baƙa, da fim biyu a kwali. A cikin kaset ɗin, bayan mijin nawa ya gaishe da mahaifiyarsa Hajja Badriyya da duk wanda ya taɓa yi masa sannu a duniya, har da mai gugan bakin layi, sai ya ce, “Ku ɗauki hotuna ku aiko mini. Ina son in ga yadda kuka zama.”

“Kuka” ya ce, amma ni na san wa yake nufi. Ko dai in ce haka na ɗauka.

'Yarmu Amal tana rarrafe ya tafi, yayarta Nahla kuma ba ta iya ɗaura takalmi ba. Lokacin da kyamara ta zo, Amal har ta fara zuwa makaranta. Duk shekara sai ya ce bana zai zo hutu, duk shekara mai gidan aikinsu sai ya ce a gama wannan ginin tukuna, fasfo kuma yana hannunsa. Birkila ne Subhi, gini kuwa ba ya ƙarewa a can. Ni dai abin da nake da shi murya ce a cikin rakoda, ita ma ba tawa ce ni kaɗai ba, don a tsakiyar falo ake kunna ta, kowa yana zaune da shayinsa.

A layinmu hoton da zai tafi Kuwait ba na gida ɗaya ba ne. Usta Garib yana ɗaga kyamara a ƙofar gida, sai ka ce an yi shela. Maƙwabciyata Itidal ta fito da shuɗin mayafinta, mai guga ya ajiye gawayinsa ya zo, 'ya'yan mai kayan miya suka jeru a gaba, wani tsoho da ban taɓa gani ba ya tsaya a gefe yana gyara hula. Kowa so yake Subhi ya tuna da shi. Hajja ta zauna a kujera a tsakiya. Ni ina bayanta, na gyara tsayuwa, na ɗan juya kumatun hagu, don a nan nake da tawadar Allah a ƙarƙashin ido, wadda Subhi yake kira ɗigon gahawa. Usta Garib ya ce, “To, kowa ya yi murmushi,” Amal ta ga kyanwa ta zabura, na sunkuya in kamo ta. Ƙyas!

Haka fim na farko ya tafi. A wani hoton kunnena ne ya fito, a wani kafaɗata, a wani kuma ina tafe da tiren shayi, kaina a waje. Usta Garib ya kwashe su ya koma.

Da amsa ta zo, falo ya cika kamar kullum. Hajja ta danna rakoda. Subhi ya yi gaisuwarsa mai tsawo, ya ce Nahla ta zama budurwa, ya ce Hajja ba ta tsufa ba. Daga nan muryarsa ta ɗan sauka, ni kuma na sunkuyar da kai don na san tawa ce ta zo.

“Maman Nahla,” in ji shi, “masha Allah, kin yi ƙiba. Wannan shuɗin mayafin ya karɓe ki ƙwarai.”

Sai Itidal ta fashe da dariya har shayi ya sarƙe ta. Falo ya ɗauka. Hajja ma da ba ta cika dariya ba, sai da ta rufe baki da gefen gyale.

“Kin ji ko, Awatif?” in ji Itidal tana share hawaye. “Mijinki ya ce na yi kyau. Ki gaya masa na gode, ya aiko mini da turare.”

“Bakinki ya bushe,” na ce mata. Na yi dariya ni ma, don ba yadda zan yi. Na tattara kofuna na shige kicin, na buɗe famfo don kada a ji ni, na yi kuka mai isata.

Na san hoton ya yi duhu, na san Itidal tsayinmu ɗaya, na san a inda ya kamata in tsaya ta tsaya. Duk na gaya wa kaina wannan. Bai hana abin ya tsaya mini a wuya ba. Mutumin da ya taɓa gane ni daga tafiyata a cikin kasuwa ranar jajibirin salla, yau ya dubi matar wani ya kira ta da sunana. Fuskata ta fara goge masa, ke nan. Ba kishiya nake tsoro ba, ba komai ba, wannan kawai nake tsoro: ya dawo ya tsaya a ƙofar gida yana dube-dube, sai an nuna masa ni.

Na kai koren yadin nan wajen tela. Na ce wa Itidal, “Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Saura fim ɗaya. Hoto ɗaya nake so, ni kaɗai, fuskata ta cika shi.”

“Ni ban iya ba fa.”

“Usta Garib ma da ya ce ya iya, kin ga abin da ya yi. Leƙawa za ki yi ki danna.”

Muka hau saman bene da hantsi, lokacin da yara suna makaranta, Hajja kuma tana gyaran shinkafa. Na sa koriyar rigar, na tsaya a jikin katanga inda rana ke sauka, ɗakin tattabaru a bayana. Na zame ɗankwalina baya kaɗan. Itidal ta kafa kyamara a ido, ta rufe idon da ya kamata ta buɗe.

“Ba na ganin komai.”

“Ɗayan idon, ke dai!”

“Yauwa, ga ki. Kai, Awatif, saki fuskar mana, kamar wadda za a yi wa allura.”

Na fara dariya, ta ce haka ya yi, kada in motsa. A daidai nan muka ji takun silifa a matakala, da nishin da duk gidan ya sani. Hajja ta ɓullo da kwanon hatsin tattabaru, matar da ta yi shekaru tana cewa gwiwarta ba ta hawa bene. Ta dubi rigar, ta dubi gashina, ta dubi kyamara. Ta zo ta tsaya a gefena ta gyara gyale. Itidal, sakarya, ta danna.

“Hajja,” na ce, “wannan ni kaɗai nake son in ɗauka.”

“Ke kaɗai? A kai ina?”

“Wajen Baban Nahla mana.”

“Ɗaki ɗaya suke kwana, maza tari guda,” in ji ta. “Wani daga kudu, wani daga Sham, wani ko sunan garinsu ba mu iya faɗa ba. Hoto kuwa hannu-hannu yake yawo. Matar ɗana ba za ta zama abin kallon gwauraye ba.”

“Mijina ne fa, Hajja.”

“Ɗana ne kafin ya zama mijinki. Ki fito a cikin mutane, wa ya hana ki?”

“A cikin mutanen ne ai ya kasa gane ni!”

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Tattabaru suka tashi fir. Ta dube ni, ta watsa musu hatsi, ta ce, “Rufe kanki, rana za ta sa miki ciwon kai.”

Daga ranar Hajja ta zama inuwata. In Itidal ta shigo, sai ta ajiye carbi ta biyo mu. Mun gwada a baranda, ta tura Nahla ta tsaya a gabana. Mun gwada a gidan Itidal, mijinta ya dawo da wuri, ya ce ai shi ma bai samu shiga na farko da kyau ba, ya je ya sako kwat. Wata rana har na samu kaina ni kaɗai a tsakar gida, Itidal ta saita, sai akuyar maƙwabta ta shigo da igiyarta, yaran layi a bayanta suna ihu. Wannan hoton ya fito tsaf, akuyar ta yi kyau sosai. Fim yana ta tafiya. Usta Garib ya sake zuwa hutu, hutun ya zo ƙarshe, ya aiko cewa jibi zai tashi, duk mai saƙo ya haɗa. Na duba 'yar tagar da ke saman kyamara, saura ɗaya.

Washegari bayan abincin rana zafi ya kwantar da kowa. Yara suka yi barci a kan tabarma, Hajja ta miƙe a doguwar kujerar falo, fanka na juyawa a kanta. Madubin kirki ɗaya ne a gidan, na jikin kabad ɗin Hajja, wanda ta zo da shi tun aurenta. Na cire silifa, na shiga ɗakinta a hankali, na tura ƙofa. Tagogi a rufe suke saboda rana, ɗakin ya yi duhu-duhu, ban kuma isa in buɗe su ba don ƙara suke yi.

Na saki gashina duka. Na sa kwalli. Na goge zobena a jikin riga har ya yi ƙyalli, zoben da Subhi ya cire daga hannuna na dama ya mayar hagu ranar aurenmu, kamar yadda ake yi wa kowace amarya, dama na mai jiran aure, hagu na matar aure. Na riƙe kyamara da hannu biyu a ƙarƙashin haɓata don kada ta rufe mini fuska. Na dubi matar da ke cikin madubi. Na daɗe rabon da in tsaya in kalle ta haka. Ta ɗan rame, gefen idonta ya fara tattarewa, amma ita ce, ɗigon gahawarta yana nan. Na yi mata irin murmushin da nake yi masa in ya shigo da ƙura a gashinsa, ba irin na ƙofar gida ba. Zuciyata tana bugawa kamar wadda za ta yi sata.

Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang! Mai sayar da gas ne a ƙarƙashin taga, yana dukan tukunya da sifana. Hajja ta farka ta ƙwala kira, “Awatif! Tsayar da shi, namu ya kusa ƙarewa!” Na zabura, hannuna ya yi sama, yatsana ya danna. Wani farin haske ya cika ɗakin, na daina gani. Kyamara ta yi 'yar ƙara, fim ya ƙare.

Na ɗaura ɗankwali na fito ina laluben bango, na tsayar da mai gas. Allah ya sani, ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani bawan Allahn nan ranar ba.

Da kaina na kai fim shagon Baba Milad mai wanke hoto, na roƙe shi ya gama kafin safiya. Kunya kamar ta kashe ni, don na san zai ga gashina. Da na koma karɓa, ya miƙo mini ambulan, ya riƙe guda ɗaya a hannunsa.

“Wannan na ƙarshen ya lalace, 'yata. Na wanke ne kawai don ki gani. Ba a haska wa madubi fitilar kyamara, mayar miki da ita yake yi.”

Na karɓa. Ga koriyar riga, ga gefen kabad, ga hannayena biyu a ɗage da zobe. Daga wuya zuwa sama kuwa babu komai sai farin da'ira, fari tas kamar faranti. Ba ido, ba gashi, ba ɗigon gahawa.

“In jefa a kwando?” in ji shi.

“Ba ni abina,” na ce.

A gida Hajja ta sa tabarau ta zauna tantance saƙo, kamar yadda ta saba. Ga cuku, ga kaset, ga hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ban ɓoye shi ba, na gaji da ɓoye-ɓoye, a cikin sauran na bar shi. Ta wuce na akuya, ta wuce na mijin Itidal da kwat, ta zo kansa ta tsaya. Ta kai shi kusa da ido, ta nesanta shi.

“Wannan madubina ne,” in ji ta.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ta daɗe tana kallon farin da'irar nan. Shi ma marigayi mijinta ya yi shekaru a jirgin ruwa, a gaban wannan madubin ta yi nata jiran, amma ba ta taɓa ba ni labarin ba, ranar ma ba ta ba ni ba. Ta zura hoton a ƙasan ambulan da hannunta, ta lashe bakin ta manne.

“Babu fuska, babu laifi,” ta ce. “Ɗauko mini zare in ɗaure cukun nan.”

Na ce a raina ba komai, in Usta Garib ya sake zuwa zan sayi wani fim, in buɗe taga ko da za ta tashi unguwa. Usta Garib bai sake zuwa da saƙo ba. A tsakiyar zafin shekarar sojojin Iraki suka shiga Kuwait, waya ta yanke, kaset ya yanke, komai ya yanke.

Gidan Itidal muke taruwa kallon labarai, don talabijin ɗinsu ya fi namu girma. Ana nuna mutanenmu a hamada, a bakin iyaka, sun yi layi da ƙunshin kaya a ka, wasu a kan motoci, wasu a zaune a ƙasa sun rufe kai da tawul. Nakan matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi, ina bin fuskoki. Mai ɗaukar hoton ba ya tsayawa, da na fara kallon mutum sai ya wuce. Wata rana na ga wani dogo da farar riga yana miƙa hannu a ba shi ruwa, na miƙe tsaye na yi ihu, “Ga shi nan! Wallahi ga Subhi!” Mutumin ya juyo. Ko kama ba su yi ba.

Ba wanda ya yi dariya, har Itidal. Ta jawo ni ta zaunar, ta riƙe hannuna. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na rufe ido in kawo fuskarsa, sai ta zo mini gutsi-gutsi. Gashin baki ya zo, kunnuwa suka zo, amma suka ƙi haɗuwa wuri ɗaya. Hoton aurenmu yana rataye a falo, sai dai wancan saurayi ne, ban san me rana da siminti suka mayar da shi ba. Na yi kewarsa a watannin nan har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Da rana in ina shanya a saman bene, sai in tsaya da rigar yara a hannu ina kallon bakin layi har ta bushe.

Mutanen layinmu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Usta Garib ya dawo ba mota, ya ce sun rabu da Subhi tun a hanya, bai san inda ya yi ba. Hajja ta daina kunna rakoda.

Wata Talata da hantsi ina tsinke ganyen lalo a tsakar gida, sai na ji guɗa daga bakin layi, tana matsowa. Kafin in wanke hannu ƙofa ta cika da mutane. A tsakiyarsu ga wani mutum baƙi, ramamme, gemu ya yi furfura, da leda ɗaya a hannu da silifa kala biyu. Ban san lokacin da ƙwaryar lalo ta kife ba. Ba sai an nuna mini ba, yadda yake karkata kafaɗar dama in ya tsaya ya ishe ni.

Amma shi fa? Ya ɗago kai yana duba tsakar gida, kafin idonsa ya iso kaina Hajja ta rungume shi, Nahla ta rataye a wuyansa, mai guga ya kama hannunsa, mijin Itidal yana ta “Alhamdu lillahi” a kunnensa. Amal ta ɓuya a bayana tana tambaya wane ne. Aka shige da shi falo. Ni aka bar ni da dafa shayi.

Yinin ranar haka ya tafi. In na shigo da tire sai in ga gefen kansa ta tsakanin kafaɗun mutane. Sau ɗaya ya ce, “Sannu, Maman Nahla,” na ce, “Sannu da hanya,” wani ya katse mu da tambayar ko gaskiya ne ana sayar da ruwa a bakin iyaka. To, wadda ta kawo shayi a gidansa ai ko makaho ya san matarsa ce. Wannan bai gaya mini komai ba. Aka yanka zomo, aka ci, aka sake shan shayi, wasu suka tafi wasu suka zo.

Bayan la'asar na hau sama kwashe shanya, don in na ƙara minti ɗaya a kicin zan fasa wani abu. Ina cire zanin gado daga igiya sai na ji taku a bayana. Ya tsaya a bakin matakala yana haki. Muka kalli juna, ni da zani a hannu, shi da hannu a aljihu, kamar baƙi a tashar jirgi.

Daga ƙasa muka ji muryar Itidal: “Ina suke? Ga kyamara, na samo fim, yau sai mun ɗauke su!” Sai muryar Hajja, kusa, daga kan matakala inda ta zauna ta tare hanya da gwiwoyinta masu ciwo.

“Ba kowa a sama. Koma ki sha shayi.”

“Hajja, yanzu na ga...”

“Na ce ba kowa.”

Subhi ya yi murmushi, na ga haƙorinsa ɗaya ya fita. Ya zaro wata 'yar leda daga aljihun ƙirji, ya warware ta a hankali.

“Akwatina yana can,” in ji shi. “Rediyon da na saya miki, da keken ɗinki, duk suna can. Wannan ne kawai ya biyo ni.”

Hotona ne. Gefensa ya lanƙwashe, koriyar rigar ta koɗe saboda gumi. Amma farin da'irar ba fari ba ne yanzu. An zana fuska a ciki da shuɗin biro. Wayyo, fuska! Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, hanci ya karkace, gashi kamar an zuba taliya. Hannun da ya saba da bulo ne ya yi ta, an danna biro har ya kusa huda takarda.

“Wace ce wannan?” na ce. Ban san dariya ce ke zuwa ko kuka ba.

“Kada ki raina mini aiki. Sai da na cinye takardun buhun siminti na gini guda ina gwaji kafin in taɓa wannan. Biro ba ya goguwa, dama ɗaya gare ni.”

“Ka nuna wa gwaurayen ɗakinku?”

“Ko inuwarsa ba su gani ba.”

Na ƙara dubawa. Girar dama ta ɗan ɗaga sama, yadda tawa take yi in zan yi faɗa. A ƙarƙashin ido kuma ga ɗigo, an zagaya shi da biro har ya yi baƙi. Sai na lura da gefen da yake, abin da ya kwanta mini a wuya tun ranar shuɗin mayafi ya taso gaba ɗaya.

“Ka gani ko?” na ce. “Ka gani! A hagu yake, Subhi. Tun da uwata ta haife ni a hagu yake. Ka ɗora mini shi a dama. Na san ka manta, tun ranar da ka kira Itidal da sunana na sani!”

“Wannan kuskure ne na duhu, na ji kunyarsa har...”

“Wannan kuma na mene ne? Na haske?”

Bai yi fushi ba. Ya matso, ya sa ɗan yatsansa mai kaushi a ƙasan hoton, a kan hannuna.

“Dubi zobenki,” in ji shi. “A wane hannu yake?”

Na duba. A hannun dama yake.

“Da hoton ya zo, wannan na fara gani. Na ce, Awatif ta mayar da zobe dama. Me take gaya mini? Ta gaji ne, ta koma mai jiran aure? Ga shi ta shafe fuskarta. Na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini. Sai wata safiya ina aski a ɗan madubinmu, na ɗaga hannu, na ga nawa zoben shi ma ya koma dama.” Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. “Na ce, kai Subhi, jaki ne kai. A madubi take. Ita kaɗai ta shiga ɗakin Hajja ta ɗauka mini. To duk na buhun siminti a hagu na sa shi, inda yake. Amma wannan tunda a madubi kike, dole ya bi zoben.”

Zanin gadon ya zame daga hannuna ya faɗi a kan kashin tattabaru, ban ɗauka ba. Ya ɗago hannu, bai ko duba ba, idonsa yana cikin nawa, ya ɗora babban yatsansa a ƙarƙashin idona na hagu, daidai wurin.

“Ga shi nan,” ya ce.